Famfon Gidan Babana

Ranar Asabar, a Kajaani,
gidan babana ya yi tsit.
Na dafa ƙarfen ɗumi na falo,
sanyi ƙarara, kamar mariƙin ƙofar waje.

Tukunya na ci a ɗakin ƙasa,
ruwa ya yi zafi a cikinta,
amma babu mai kai shi sama.
Famfon da ke zagayawa da shi
shekara goma sha tara yana gunaguni,
yau ya haɗiye maganarsa.

Na kira mai gyara, ya ce sai Alhamis.
Alhamis!
Ma'auni na cewa ashirin da shida ƙasa da sifili,
ƙanƙara ta kai wa shinge ƙugu.
Kafin Alhamis bututu sun fashe,
kafin Alhamis tsoho ya sandare a kujera.

Ni Kaisu, tuƙin bas na sani,
ban taɓa kwance abin da ya wuce ƙwan fitila ba.
Na sayo sabo a kwali,
ja, bai fi ƙaramar kabewa ba,
na sauka da tocila a baki.

Baba Tuomo ya biyo ni, bargo a kafaɗa,
ya zauna a matakala ta uku.
Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo,
wanda jiya ya kira ni da sunan ƙanwarsa,
ya ce, "Kashe wuta tukuna."

Na kashe.

"Rufe bawul na ƙasa. Rufe na sama.
Na saman maƙaryaci ne,
in ya ce ya rufu, ƙara masa."

Noti ya ƙi.
Tsatsa ta ɗaura masa aure da bututu,
ba ya jin saki.
Na ja sufana har muƙamuƙina ya ƙage,
ta zame, ta ɗebe mini fatar yatsa.
Na zagi noti, na zagi Alhamis.
Ya ce, "Ƙarfi na jaki ne.
Ɗan ƙwanƙwasa masa, ki jira."
Na ƙwanƙwasa. Ya yi ƙara, ya saki,
baƙin ruwa ya tsiyaye a bokiti
yana warin tsoffin sulalla.

Wayoyi uku: ruwan ƙasa, shuɗiya, mai ratsin kore.
Na kankare bakin bututu,
na kwantar da sababbin robobi biyu,
na ɗaga sabo zan ɗaura,
sai kan sandarsa ya taɓa gwiwar hannuna.

"Kibiya."

Na haska. Ga ta a jikin ƙarfe,
ƙarama kamar ƙwayar shinkafa,
tana kallon inda ruwa ya fito.
Saura ƙiris in mayar da kogi baya.
Na juya shi, ban ce komai ba.

Na buɗe bawul, na kunna wuta.
Ƙululu, ƙululu, kamar cikin mai yunwa.
Na sassauta sukurun tsakiya,
iska ta yi tsaki ta fita,
ɗigo ɗaya ya biyo ta,
sai wani gunaguni siriri
wanda sai ka kara kunne.

Na hau sama a guje, babu takalmi.
Na kicin ya fara ƙas, ƙas.
Na falo ya yi ɗumin goshin yaro.
Na ɗakin Mama, da ba a kwana a ciki,
shi ma na buɗe masa.

Da na dawo yana nan a matakala,
yana lalubar aljihun da babu komai.
Ya ce, "Yarinya, kin iya aiki.
Nawa ne kuɗinki?"

Na ce, "An biya tuntuni."

A bango, bayan tukunya,
akwai kwanan wata da fensir, rubutunsa,
tun hannun bai fara rawa ba.
Na rubuta na yau a ƙarƙashi,
jinin yatsana ya ɗan ɓata bakwai ɗin.
Na kama shi muka hau,
matakala ɗaya, mu huta, ɗaya.